Yaushe Za a Gama? Sharhi Kan Yadda Ake Auna Lokacin Isar da Aiki a Rukunonin Agile

A watan Agustan 2023 kamfanin ba da shawara na McKinsey ya fitar da wata maƙala da ke cewa ana iya auna ƙwazon masu haɗa manhaja, har a gano gudummawar kowane mutum shi kaɗai. Watan bai ƙare ba sai ga martani mai zafi daga Kent Beck, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa salon aikin da ake kira Agile, shi da Gergely Orosz, injiniya kuma marubuci a fannin. Tun daga lokacin muhawarar ba ta lafa ba, shigowar ƙirƙirarriyar basira cikin aikin rubuta manhaja kuma ta ƙara mata wuta, domin kowane kamfani yana son sanin ko kuɗin da yake zubawa ya sa aiki ya ƙara sauri.

Maganar ba ta tsaya a Amurka da Turai ba. Matashin da ya koyi sana'ar a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai horar da matasa fasahar zamani, ya sami aiki daga gida, da jami'in da hukumarsa ta ba da kwangilar haɗa manhaja, duka za su ci karo da kalmomi irin su maki, belositi, lid taim da saikil taim. Kowacce tana ƙoƙarin amsa tambaya guda, wato yaushe za a gama, amma abin da kowacce ke aunawa daban ne.

Inda maganar ta samo asali

A da, idan za a yi babban aikin manhaja, akan zauna a rubuta duk abin da ake so tun farko, a zana tsari, a rubuta, a gwada, sannan a miƙa wa mai shi, wani lokaci bayan shekara biyu ko uku. Ma'aunin ci gaba shi ne kashi nawa na jadawalin aka cimma. Sai dai aiki kan kai kashi 90 cikin ɗari ya maƙale a nan tsawon watanni, saboda ba a sanin gaskiyar halin da ake ciki sai ranar da aka haɗa sassan wuri guda aka gwada.

A watan Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka suka rubuta sanarwar Agile. Daga cikin ƙa'idojinta akwai cewa a riƙa miƙa manhaja mai aiki a kai a kai, tsakanin makonni kaɗan zuwa watanni kaɗan, kuma manhajar da ke aiki ita ce babban ma'aunin ci gaba. Sanarwar ba ta ce ga yadda za a auna lokaci ba. Wannan giɓin ne hanyoyi biyu suka cike, kowacce da nata tushen.

Ta farko ta biyo ta Scrum, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995, da kuma XP, wani salon haɗa manhaja na su Beck. A Scrum ana raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, galibi mako biyu. Kafin a fara, 'yan rukuni kan ba kowane aiki maki gwargwadon girmansa idan aka kwatanta da saura, yawanci da lambobi irin su 1, 2, 3, 5, 8 da 13. Jimillar makin da aka kammala a zango guda ita ce belositi. Idan rukuni ya saba gama maki 30 a zango, saura maki 120, sai a ce zango huɗu ya rage.

Hanya ta biyu daga masana'antar Toyota ta fito. A shekarun 1950 Taiichi Ohno ya shimfiɗa tsarin katin kanban, inda sashe ba ya ƙera kaya sai wanda ke gabansa ya nema. Shi Ohno abin da ya ce yana kallo shi ne tsawon lokaci daga sa'ad da mai saye ya ba da oda zuwa sa'ad da kamfani ya karɓi kuɗinsa, aikinsu kuma su rage wannan tsawon. Mary da Tom Poppendieck suka kawo tunanin cikin harkar manhaja a farkon shekarun 2000, David Anderson kuma ya gwada shi a wani rukuni na Microsoft a 2004, daga baya ya bunƙasa shi ya zama tsarin Kanban da ake amfani da shi yau. Masu bin wannan hanya ba su damu da ƙiyasta girman aiki ba. Agogo suke dubawa.

Agogo biyu, har da na uku

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki cikin azumi ya san bambancin. Mutum ya kai shadda ranar 5 ga wata, bai karɓa ba sai daren Sallah, a wurinsa ɗinkin ya ci kwana 25. Tela kuwa zai rantse kwana biyu ya yi a kai, tun daga yanka har guga. Babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko ya kunna agogonsa ranar da ya ajiye yadi, na biyu ranar da ya ɗauki almakashi.

Agogon mai yadi shi ne lid taim: daga lokacin da aka shigar da buƙata zuwa lokacin da ta isa hannun mai ita. A wannan sharhi za a kira shi lokacin isarwa. Agogon tela shi ne saikil taim, daga sa'ad da aka soma aikin zuwa sa'ad da aka gama, za a kira shi lokacin aikatawa. Na farko shi mai jira yake ji a jikinsa. Na biyu shi ne ya fi kasancewa a hannun rukunin, don haka shi injiniyoyi suka fi son a yi magana a kai.

Da ma'anar ta tsaya a nan da an huta. A masana'antu, saikil taim na nufin tazarar da ke tsakanin fitowar kaya ɗaya da na bayansa, wani abu dabam ke nan. Manhajar Azure DevOps tana kunna agogon isarwa daga ranar da aka buɗe katin aiki, wato gurbin da ake rubuta buƙata ana bibiyarta, na aikatawa kuma daga ranar da aka ɗauke shi. A manhajar Jira ta kamfanin Atlassian, mai dubawa ne ke zaɓar matakan da za a ƙirga. Sannan ga agogo na uku, na cibiyar bincike ta DORA, wadda Nicole Forsgren, Jez Humble da Gene Kim suka kafa, Google ya saye ta a 2018. Nata lid taim yana farawa ne daga lokacin da injiniya ya miƙa sauyin da ya rubuta cikin ma'ajiyar kod, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, zuwa lokacin da sauyin ya fara aiki wurin jama'a. Duk watannin da buƙatar ta yi a layi kafin a taɓa ta ba sa ciki. A rahoton DORA na 2019, rukunonin da suka fi ƙwarewa suna yin wannan tafiyar cikin ƙasa da yini guda, na ƙasan kuma tsakanin wata ɗaya zuwa shida. Adadi ne mai amfani, amma ba ya nufin cewa wanda ya nemi sabon abu yau zai same shi gobe.

Wurin kashe agogon ma rigima ne. Injiniya na iya cewa ya gama alhali ba a gwada ba. Mai gwaji na iya sa hannu alhali ba a saki sauyin ba. Manhajar waya kuma, bayan rukuni ya kammala nasa, sai ta jira tantancewar Google Play ko App Store, sannan ta jira mai wayar ya sabunta. Saboda haka idan rukuni biyu kowanne ya ce lokacinsa kwana 4 ne, ba a san komai ba tukuna sai an ji inda kowanne ya kunna da inda ya kashe.

Yawancin lokacin jira ne

A nan ne auna lokaci ke bayyana abin da maki ba ya nunawa. A ɗauki misalin ƙaramin aiki, a ce ƙara zaɓin Hausa a fom ɗin rajista. Injiniya ya rubuta cikin kwana 2. Sauyin ya zauna kwana 3 yana jiran abokin aiki ya duba. Dubawa da gyara suka ci kwana 1. Ya sake jiran mai gwaji kwana 4, gwajin ya ci kwana 1, sannan ya jira ranar saki ta gaba kwana 9. Jimilla kwana 20, amma kwana 4 kacal hannun mutum ya taɓa shi, wato kashi 20 cikin ɗari. Da za a matsa wa injiniyan ya ninka saurinsa, kwana ɗaya tak za a rage. Da za a riƙa sakin manhajar kullum maimakon duk mako biyu, kusan rabin lokacin ya tafi, ba tare da kowa ya ƙara ko awa guda a ofis ba.

Me ke haddasa jiran? Amsar tana cikin wani lissafi da John Little ya tabbatar a 1961, wanda ake kira dokar Little. A taƙaice, matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka a cikin tsari daidai yake da yawan abubuwan da ke ciki a raba da yawan waɗanda ke fita a kowane lokaci. Rukunin da ke kammala ayyuka 5 a mako, yana riƙe da 30 a buɗe, kowane aiki zai yi kusan mako 6. Idan ya rage na buɗe zuwa 10, lokacin ya koma mako 2. Ƙarfin rukunin bai sauya ba, ayyuka 5 ɗin dai yake fitarwa. Abin da ya sauya shi ne an daina fara abin da ba a shirya gamawa ba. Telan da ya karɓi ɗinki ɗari alhali goma yake iya fitarwa a mako bai rage gudun kekensa ba, yawan karɓar ne ya tsawaita jiran kowa.

Dokar tana da sharuɗɗa da ake yawan mantawa. Magana take kan matsakaici na dogon lokaci, a tsarin da shigarsa da fitarsa suka yi kusan daidai, kuma abin da aka fara yana ƙarewa. Ba a amfani da ita a ce wannan aiki na musamman zai fito ranar Laraba.

Akwai kuma batun cika hannu. Hankalin manaja yakan ba shi cewa asara ce a ga ma'aikaci zaune, don haka a loda wa kowa aiki har wuya. Ilimin lissafin layi, wanda masana irin su John Kingman na Birtaniya suka faɗaɗa, ya nuna akasin haka idan ayyuka suna zuwa ba bisa tsari ba kuma girmansu ya bambanta. A mafi sauƙin misalin, idan ma'aikaci yana cike rabin lokacinsa, jiran sabon aiki daidai yake da tsawon aikin kansa. Idan cikar ta kai kashi 80, jiran ya ninka sau 4. A kashi 90 sau 9, a kashi 95 sau 19. Ma'ana, rukunin da kowa ke fama ba ɗaga kai shi ne wanda ƙaramar buƙata za ta fi daɗewa a ƙofarsa.

Maganin da masu Kanban ke bayarwa shi ne a ƙayyade yawan aikin da ke buɗe a kowane mataki. Idan layin gwaji ya cika, injiniya ba zai ɗauki sabon aiki ba, sai ya je ya taya gwajin. A takarda abin da sauƙi. A aikace yana nufin wani ya kalli babban jami'i ya ce masa buƙatarsa za ta jira, kuma ba kowane ofis ne ke da wanda zai iya faɗin haka ba.

Abin da matsakaici ke ɓoyewa

Lokutan aikin manhaja ba sa taruwa a tsakiya. Yawanci suna fita da wuri, wasu 'yan kaɗan kuma su ja dogon lokaci saboda an tarar da matsalar da ba a zata ba. A ce an duba ayyuka 20 na baya: 10 sun fita cikin kwana 3 ko ƙasa, wasu 7 cikin kwana 9, ukun ƙarshe suka ci kwana 18, 25 da 40. Matsakaicin zai faɗo wajen kwana 7, amma wanda aikinsa ya kasance cikin ukun nan ba zai yarda da wannan adadi ba. Shi ya sa masana irin su Daniel Vacanti suke ba da shawarar a yi magana da kaso: rabin ayyukanmu na fita cikin kwana 3, kashi 85 cikin ɗari kuma cikin kwana 9. Zaɓen 85 ɗin al'ada ce ta masu sana'ar, ba doka ba. Wanda ke gyaran manhajar asibiti na iya neman tabbacin da ya fi haka.

Idan tambayar ta shafi tarin ayyuka ne, a ce 60, sai a koma ga hanyar Monte Carlo, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka ɓullo da ita a Los Alamos a shekarun 1940. Kwamfuta za ta ɗauki tarihin yawan ayyukan da rukuni ya gama kowane mako, ta riƙa zaro makonni ba zaɓe tana tarawa har su kai 60, ta maimaita sau dubbai. Sakamakon ba rana guda ba ce. Zai ce, misali, akwai yiwuwar kashi 50 a gama cikin mako 11, kashi 85 cikin mako 14. Raunin hanyar shi ne tana ɗauka gobe za ta yi kama da jiya. Idan rabin rukunin sun bar aiki, ko ayyuka 60 ɗin suka haihu suka zama 90, abin da ke faruwa kusan kullum, hasashen ya tashi daga aiki sai an sake shi.

Duk waɗannan suna magana ne kan aikin da ya riga ya ƙare. Akwai ma'auni guda da ke duban wanda ke hannu, wato shekarun aiki: kwana nawa ke nan da fara shi bai fita ba. Rukunin da ya san kashi 85 na ayyukansa na fita cikin kwana 9, ya ga wani ya kai kwana 8 yana matakin farko, ya san inda zai sa ido a taron safe. Daga cikin ma'aunan duka, wannan ne kaɗai ke ba da damar ceto aiki kafin ya makara, kuma shi ne aka fi yin watsi da shi, wataƙila don ba ya yin kyau a rahoton wata.

Masu maki da masu agogo

Masu kare maki, irin su Mike Cohn, ba su rasa hujja ba. Suna cewa amfanin ƙiyasi ya wuce lambar. Idan kowa ya ɗaga katin da ke ɗauke da makin da ya ba aikin, wani ya nuna 2 wani ya nuna 13, an gano nan take cewa ba abu ɗaya suka fahimta ba, kuma gara a gano haka kafin a fara. Suna ƙarawa da cewa sabon rukuni ba shi da tarihin da zai dogara da shi, mai ba da kwangila kuma yana buƙatar farashi kafin ya sa hannu.

Masu suka sun ce matsalar tana farawa ne ranar da lambar ta fita daga ɗakin. Maki na rukuni ɗaya ba ya daidai da na wani, don kowa da ma'auninsa, amma shugabanni kan jera su suna kwatantawa. Da zarar an ce a ƙara belositi, aikin da jiya aka ba 3 yau sai ya zama 5. Ron Jeffries, wanda ake danganta ƙirƙiro makin da shi, ya rubuta a 2019 cewa idan har shi ne ya ƙirƙiro su to yana ba da haƙuri. Littafin jagoran Scrum na hukuma ma bai ambaci maki ko belositi ba a bugunsa na 2020, tun a 2011 kuma ya sauya yadda ake kiran aikin da aka ɗauka a zango, daga alkawari zuwa hasashe. Wasu, su Woody Zuill da Vasco Duarte, sun wuce nan suka ce a rage ƙiyasin iya yiwuwa: a yanka aiki ƙanana a ƙirga kawai. Binciken Daniel Kahneman da Amos Tversky na 1979 yana mara musu baya ta wani ɓangare, domin ya nuna ɗan Adam kan rage lokacin da yake zaton aikinsa zai ci, maganin kuma shi ne duba yadda irin aikin ya kasance a baya.

Su ma masu agogo ba su tsira ba. Lokacin isarwa ba ya cewa komai game da amfanin abin da aka isar. Rukuni na iya fitar da abubuwa hamsin cikin sauri waɗanda ba wanda ya nema. Yana kuma iya karkata ga ƙananan ayyuka masu sauƙi ya bar manyan gyare-gyare na tushe suna ruɓewa a layi. Rukunoni da dama a yau suna haɗa biyun: su tattauna girman aiki don a fahimci juna, su dogara da tarihin agogo wajen faɗa wa mai jira rana.

Idan ma'auni ya zama bulala

Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura a 1975, yana magana kan manufofin kuɗi na Birtaniya, cewa duk alƙaluman da aka mayar abin tilastawa sukan lalace. Misali mafi kusa da batunmu ya faru a asibitocin Ingila, inda gwamnati ta kafa ƙa'idar cewa a kula da mai jinyar gaggawa cikin awa 4. Jira ya ragu da gaske a wurare da yawa, amma an kuma samu rahotannin barin marasa lafiya cikin motar asibiti a bakin ƙofa, don agogon bai fara ba sai an shigo da su.

A harkar manhaja dabarun ba su da wuyar ganewa. Injiniya ya fara aiki a ɓoye, ba zai motsa katin ba sai ya kusa gamawa. A raba aiki ɗaya gida biyar don yawan ya ƙaru. A rufe kati da sauri, kurakuran da suka biyo baya a buɗe musu sabbin katuna. A ƙi shigar da buƙata cikin jeri sai an shirya yin ta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa DORA ba ta tsaya kan sauri ba. Ma'aunanta huɗu da aka fi sani biyu na sauri ne, wato yawan saki da lokacin da sauyi ke ɗauka, biyu kuma na ƙarko, wato kason sauye-sauyen da ke jawo matsala da tsawon lokacin farfaɗowa. Bincikenta, wanda ya dogara kan amsoshin da masu sana'ar suka bayar da kansu, ya nuna rukunonin da suka fi sauri galibi su ne kuma suka fi ƙarko, saboda ƙaramin sauyi ya fi sauƙin dubawa da janyewa. Cibiyar da kanta tana gargaɗin kada a mayar da ma'aunan maƙasudi ko a kwatanta rukunonin da aikinsu bai yi kama ba.

To ina rigimar McKinsey ta shigo? Hujjarta tana da nauyi: kamfani na kashe maƙudan kuɗi kan injiniyoyi, ana auna 'yan talla da sauran sassa, ba zai yiwu sashe guda ya ce shi ba ya aunuwa ba. Beck da Orosz ba su musanta haƙƙin shugaba na tambaya ba. Abin da suka ce shi ne shawarar ta karkata ga auna wahala da yawan abin da aka fitar, alhali abin da ya kamata a duba shi ne sakamako da tasiri, kuma auna mutum ɗaya-ɗaya zai sauya halin mutanen ta hanyar da za ta cutar da kamfanin. Misalin fom ɗin ɗazu yana goyon bayansu a wannan gaɓa. Babban injiniyan da ya ajiye nasa aikin ya duba na ƙananan abokan aikinsa shi ne ya rage kwana 3 na jira, amma a teburin ƙwazon mutum ɗaya shi zai zo na ƙarshe.

Ƙirƙirarriyar basira

Kayan aikin da ke rubuta kod sun rage matakin rubutu, wanda dama shi ne ƙaramin kaso na tafiyar. Rahoton DORA na 2024 ya sami alaƙa tsakanin ƙaruwar amfani da su da raguwar ƙarkon abin da ake saki. A 2025 cibiyar METR ta gwada ƙwararrun injiniyoyi 16 a kan ayyukan da suka saba: da kayan, lokacin da suka ɗauka ya fi na aiki ba tare da su ba da kashi 19, alhali su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Gwaji ne ƙarami, kayan kuma suna sauyawa kullum, don haka ba hukunci ba ne na dindindin. Abin da ya nuna dai shi ne jin sauri da ainihin sauri na iya rabuwa, kuma agogo ne kaɗai ke raba gardamar.

Abin da ya shafi ma'aikaci da mai ba da kwangila

Ga wanda ke aiki daga Kano ko Kaduna da rukunin da ke Kalifoniya, tazarar awa 8 ko 9 tana shiga lissafi kai tsaye. Tambayar da ya aika da azahar ba za ta sami amsa ba sai dare, gyaran da aka nema kuma sai gobe. Zagaye biyu na dubawa sun ci kwana biyu ko uku ba tare da kowa ya yi sakaci ba. Idan ana auna shi da lokacin aikatawa, yana da kyau ya nemi a fitar da lokacin jiran dubawa daban, ya kuma riƙa miƙa sauye-sauye ƙanana da cikakken bayani don a rage kai-komo.

Ga mai amfani da manhaja, mai jiran bankinsa ya gyara matsalar tura kuɗi misali, agogon isarwa ne kaɗai ya dame shi. Kamfani na iya sakin sauye-sauye sau goma a rana, ƙorafinsa kuma ya yi wata uku a layi.

Hukuma ko ɗan kasuwar da ya ba da kwangila kuwa, rahoton maki ba zai amfane shi da yawa ba, tunda masu aikin ne ke yanka makin. Abin da zai fi masa shi ne a rubuta a yarjejeniya inda agogo ke farawa da inda yake tsayawa, a riƙa nuna masa ayyuka nawa ne a buɗe, wanne ya fi daɗewa, da kwanakin da kashi 85 na ayyukan ke ɗauka, sannan a nuna masa manhajar tana aiki a ƙarshen kowane zango. Sai dai ya shirya ganin sunansa a cikin lissafin. Idan aka ware kowane jira a gurbinsa, kwanakin da aiki ya yi yana jiran amincewar darakta, ko bayanan da ofis bai aiko ba, ko biyan kuɗin zangon da ya wuce, su ma za su fito, kuma ɗan kwangila mai hankali zai nemi a ba su nasu gurbin tun kafin ya sa hannu.